Sikeli Ya Tsaya a Ɗari da Shida

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu masu ɓatar mini da kayan aiki. Yaya aikin asibiti, yaya haƙuri da marasa lafiya? Mu nan lafiya lau, in ban da ni da nake lafiya rabi da rabi. Mamanki na gaishe ki. Ita ta ce in rubuto, wai a waya ba na barin kowa ya sa baki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya, kuma malaminmu ya fi ni murnar tsayawar.

Kin san inda muka kwana da likita. Ya ce sugana ya hau, ƙwayoyin da nake sha sun fara gajiya da ni. Ya ba ni wata uku in sauko daga kilo ɗari da sha biyu zuwa ɗari, in ba haka ba sai allura, kullum, a ciki, kuma ni zan riƙa yi wa kaina. Ni da in Mamanki za ta sa zare a allura nake fita tsakar gida shan iska.

Takardar da kika rubuto na bi ta kamar hadda. Ba burodi, ba shinkafa, ba taliya, ba dankali, shayi kuma babu sukari, kamar ruwan wanke kofi. Nama, kifi, ƙwai, ganye. Na ci kabeji har akuyar maƙwabta ta daina amsa gaisuwata. Kullum da safe ina taka rabin awa kafin in buɗe shago. Sati shidan farko kilo shida suka tafi, har na huda sabon rami a bel ɗina ina nuna wa duk wanda ya kawo gyara.

Daga nan sai abu ya cije. Yau sati biyu ke nan sikelin da kika aiko yana nuna ɗari da shida. Na hau da safe, na hau da rana, na cire hula, na hau da ƙafa ɗaya, na fitar da duk numfashin da ke cikina. Ɗari da shida.

To shekara talatin ina gyaran agogo. In hannu ya tsaya wuri guda ban taɓa zargin lokaci ba, agogon nake zargi. Sai na kai sikelin shago, na kifa shi a kan tebur, na kwance kusoshi huɗu, na share ƙura, na ɗiga mai, na ɗan ja wata waya da na ga ta yi sanyi. Da na dawo gida na hau, kilo sittin da ɗaya. Na ƙwala wa Mamanki kira ta zo ta ga ikon Allah. Ta hau, ya ba ta sha tara. Ta sauko ta ce in haka ne ita ai a goye ya kamata a riƙa fita da ita, sannan ta tambaye ni ƙaramin ƙarfen da ta gani a aljihun rigata na mene ne. Na sikelin ne. Har yanzu ban gano daga ina ya fito ba.

Yanzu a wurin Mai Kemis nake awo. Nasa ma ɗari da shida yake cewa, kuma ya hana ni taɓa shi.

Saura sati biyar in koma wurin likita. Ki gaya mini abin yi, ke ce mai boko.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki,
mai kilo sittin da ɗaya a gida, ɗari da shida a waje.


Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, amsarki ta iso, na karanta sau uku, sau biyu da tabarau. Yaya tarin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gane bayaninki. Kin ce jiki in ya ga an rage masa sai ya koyi tattali, kuma abin da ya ishi mai kilo ɗari da sha biyu ya yi wa mai ɗari da shida yawa. Kin ce a rage mai a girki, a rage gyaɗa, a ƙara tafiya. Mamanki ta karɓi nata ɓangaren da hannu biyu. Yanzu da ƙaramin cokali take auna mai, tana kallona kamar ni na haƙo shi. Kwanon da take zuba mini kuwa, na san shi, shi ne wanda kike ci a ciki kina 'yar shekara biyar.

Ni ma na riƙe nawa. Rabin awa ta koma awa guda. Da can daga gida nake bin layin masu shayi in tsaya a bakin kasuwa in juyo. Yanzu ina ratsa kasuwar, in bi ta rumfar mahauta, in zaga ta wurin masu kifi, in ɓullo ta tashar mota. Na sayi takalmin 'yan ƙwallo fari fat. Telan da ke kusa da shagona ya ce in na tunkaro kamar firji ya sami ƙafa.

Mutane kuwa sun nuna mini ƙauna, ban san ina da masoya haka ba. Duk inda na bi ana yi mini sannu, ana ba ni kujera. Kowa ya san dokata, don na bayyana wa kowa dalla-dalla abin da aka hana ni da abin da aka halatta mini.

Jiya na hau sikelin Mai Kemis bayan kwana goma na wannan wahala. Ɗari da bakwai. Ya ce in sauka in sake hawa. Ɗari da bakwai. Ya cire tabarau ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wanda tafiya take sa wa ƙiba ba, ko in bar tafiyar in gwada kwanciya.

Na yi dariya a gabansa, amma ke ba zan ɓoye miki ba. Ba tsinin allurar kaɗai nake tsoro ba. Baffanki da allura ya fara, kin tuna, shekara huɗu bayan nan muka kai shi aka yanke ƙafar. Na san za ki ce ba allurar ce ta jawo ba, sakacinsa ne, kuma na san gaskiyarki. Amma ni na ɗauko takalminsa ɗaya daga asibiti a cikin leda, kuma tun ranar in aka ce allura ledar nake gani. Kada ki gaya wa Mamanki na rubuta wannan, ita ta ɗauka raki ne kawai, kuma na fi son ta ci gaba da yi mini dariya.

Ko jikin nawa irin na raƙumi ne, mai ajiya?

Babanki,
wanda ya ƙaru.


'Yata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ki kai ƙarshen takardar. Da fatan kowa lafiya. Na san Mamanki ta riga ta kira ki, amma ki ji daga bakin mai laifi, don ita tana ƙara gishiri.

Shekaranjiya da na fita tafiya ashe tana bayana, ta rufa da mayafin maƙwabciya. Ta ce abinci dai ita take auna shi, to ko dai sikeli na ƙarya ko miji na ƙarya, kuma sikeli ɗaya kaɗai ta san an taɓa kamawa da ƙarya, shi ma ni na koya masa.

Ga abin da ta gani. Mai Shayi ya hango ni ya fasa ƙwai uku, ya ce ai ƙwai ya halatta, burodin ne haram. Na ci don kada ya ji kunya. A bakin kasuwa tsohuwar nan mai gyaɗa, wadda na gyara wa agogon marigayi mijinta, ta cika mini aljihu. Mahauci, abokina tun muna yara, ya ajiye mini gasasshen nama mai kitse a takarda, ya ce shi ne maganin suga, wai a rediyo ya ji. Mai Kifi kuwa sabon shiga ne, tun da na tsawaita hanya ya samu ladan. A tasha wani direba ya raba dafaffen ƙwansa da ni.

Wallahi Auta ban taɓa lissafa waɗannan a abinci ba. Abinci shi ne wanda aka zuba a kwano, aka wanke hannu, aka zauna. Wannan gaisawa ce. Kuma ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta shiga bakina ba, a nan kam ina da gaskiya. Kin ce in ƙara tafiya, na ƙara, ashe rumfuna biyu na ƙara.

A hanyar dawowa, a gaban Mai Kifi ta yaye mayafin. Ina riƙe da jelar kifi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ta ce kawai shi ne, “Malam, a ci lafiya. In an gama a zo gida a karya, na dafa kabeji.” Mai Kifi ya shige ƙarƙashin tebur neman wuƙar da ke hannunsa.

Yanzu an yi sabuwar doka. Tare muke fita. An soke kasuwa. Ta kai ni gadar nan ta masu tafiya a ƙasa da ke kan babban titi, mai matakala arba'in da biyu ta kowane gefe. Mu hau, mu sauka, mu juyo, sau biyar. Babu wanda ya san ni a can sai wani mai sayar da tabarau, shi kuwa ba a cin kayansa. Ranar farko a hawa na uku na ga taurari da rana tsaka. Da yamma kuma ta cika jarkoki biyu da ruwa ta ce in riƙa ɗagawa, kin ce ƙarfin dantse ma yana taimako. Ci sau biyu a rana, a kwano, a zaune, a gabanta.

Abin da ya fi matakalar ciwo shi ne Mahauci ya yi fushi. Ya aiko a tambaya ko namansa ne ya yi wari. Na je da kaina na yi masa bayani, Mamanki na tsaye a bayana kamar 'yar sanda. Ya saurara, ya share hawaye, ya ce ya fahimta, sannan ya miƙo mini tsoka ɗaya wai ta ban kwana. Mamanki ta karɓa ta cinye a gabanmu.

Saura sati uku. Ki sa ni a addu'a, ki sa gwiwoyina daban.

Babanki,
mai laifi, mai tuba.


Auta 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Na ji ƙaramin ya warke, mun gode Allah. Na san tun jiya kike duba waya. Na hana Mamanki kira, na ce wannan labarin nawa ne.

Jiya muka je. A ɗakin jira na cire agogo, na ba Mamanki makullan shago, na so in cire takalmi ma'aikaciyar ta ce ba masallaci ba ne. Na hau. Ɗari da uku.

Ban kai ba ke nan. Na zauna a gaban likita ina kallon wata 'yar kwalba a kan teburinsa, na ce a raina shi ke nan, ga abokiyar zamana. Ya daɗe yana duba takardar gwajin jinina. Ya tambayi me na canja, na fara kawo masa tarihi tun daga sikeli, Mamanki ta taka mini ƙafa ta ba shi a taƙaice. Ya yi dariya har ya tuɓe tabarau. Ya ce sugan ya sauko fiye da yadda ya zata, kuma shi da jini yake aiki, ɗarin ya faɗa ne don in sami abin kora. Ya ajiye maganar allura, in ci gaba da ƙwayoyi, in dawo bayan wata uku. Ya ce ba alkawari ya yi mini ba, in na koma gaisawa da mutane da baki cike, kwalbar na nan tana jirana.

Da muka fito sai na ce mu hau mota, ai an ci nasara. Mamanki ta ce a ƙafa za mu koma. A hanya ta gaya mini wai tun ranar da likita ya fara maganar allura ba ta ƙara yin barcin kirki ba, don ita ma Baffanki take tunawa. Ashe dariyar da take yi mini, ni take lallashi. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban san mun iya tafiya kafaɗa da kafaɗa muna hira ba sai da suga ya koya mana. Sai na ce mata takalminta ya yi kyau. Ta ce ai tsohon takalmina ne ta sa.

Amma ga zaluncin da nake so ki yi mini bayaninsa a likitance. Kafin mu bar asibiti ita ma ta hau sikelin, don wasa. Matar nan tana cin shinkafarta da burodinta a gabana safe da yamma, ta cinye naman ban kwanana, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya yi mata barazana da allura. Kilo huɗu ta rage. Ni ma huɗun ne tun daga ɗari da bakwai, da duk wahalar da na sha. Tun jiya take yawo a gida tana riƙe da ƙugu, tana tambayata ko ina bukatar shawara.

Gobe da safe muna gada. Ta ce sau shida.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa na ga hotonsa na kwanan nan, kuma gadar tana da faɗi.

Naki har kullum,
Babanki.