Ɗakin da Na Ɗinke da Jan Zare

Ya sanyin idanuna, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take, ruwan randata, maigidana kuma abokin wasana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa take yi wa ruwan fari, duk da cewa mu nan Dala damina ta yi nisa, dutse ya yi kore shar, ni kaɗai ce ban tsiro ba. Tun da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, sabon ɗan majalisar nan ya ɗauke ka zuwa Abuja kana rubuta masa jawabi, kowa a unguwa sai taya ni murna yake yi. Ina amsawa da fara'a. Wa zan gaya wa cewa mulkin da ya dawo wa kowa da bakinsa, ni muryar gidana ya tafi da ita?

Ashafa direba ya kawo saƙonka: atamfa, turare, da siririn littafin nan na Turanci mai taswira a bango, wanda in an juya sunansa zuwa Hausa zai zama Kogon Sarkin Gishiri. Ka rubuta a 'yar takarda cewa sabon fita ne, in karanta in gaya maka ko ya cancanci mu yi wasanmu na Asabar da shi. Layi biyu, ya rabin raina! Na juya takardar na duba bayanta ko akwai ƙari, babu.

Ka tuna Asabar ɗinmu bayan la'asar? Ka tuna yadda kake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka jingina faifai a jikin tulu ka ɓoye littafi a bayansa, kai kaɗai kake ganin abin da ke ciki? Kai ne mai labari. Mu kuwa, ni da ƙanwarka Husaina da mijinta Mamman, kowa da mutumin da yake wakilta a cikin labarin. Kai za ka ce ga ƙofa, ga duhu, ga wani motsi ta hagu. Mu mu faɗi abin da za mu yi, sannan mu jefa ɗan lidon nan mai fuska ashirin da ka zo da shi tun kana jami'a, shi zai nuna ko mun dace. Maɓallan riga su ne mu, ƙwayoyin wake su ne dodanni. Gwaggo ta daɗe tana zargin caca muke yi, har ranar da ta zauna ta ga babu ko sisi a tabarma, daga nan ta koma ba Mamman shawarar ya daina shiga gaba tun da ba shi da sa'a. Ni ce jan maɓalli, Asibi ɓarauniya mai igiya da fitila. Ban taɓa jin tsoro mai daɗi ba sai a cikin muryarka, lokacin da kake rage ta ƙasa-ƙasa ka kalle ni ta saman faifai, kai ka san abin da ke bayan ƙofa ni ban sani ba.

To, ka nemi hukunci, ga shi, kuma ka san malamar makaranta ba ta ba da maki don kunya.

Taswirar ta yi kyau ƙwarai. Hanya uku ce ta shiga kogon, kuma lungunan suna zagayowa su haɗu kamar na Jakara, mutum zai iya ɓata ya sake fitowa inda ya sani. Wannan na yaba, domin wancan littafin da muka yi wasa da shi bara miƙaƙƙen layi ne, ɗaki bayan ɗaki kamar asibiti. Na kuma so ɗakin da gishiri ya cinye gadar katako, sai 'yan wasa sun zaɓa tsakanin su zubar da kayansu ko su zubar da ransu. Ina jin muryar Husaina tun yanzu tana rantsuwa ba za ta bar tukunyar zinariya ba.

Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa riƙe gida ba. Ya zuba dodanni cunkus a hawa na biyu, babu rijiya, babu murhu, babu ko rumbu. Me suke ci? Ina suke ɗebo ruwa? Zama kawai suke yi a duhu shekara da shekaru suna jiran Mamman ya zo su cinye shi? Sannan ga wani rami a bakin ƙofar farko da yake hallaka mutum ba gargaɗi, ba alama, ba ko ƙashin wanda ya riga ya faɗa. Wannan zalunci ne. Kai ba ka taɓa kashe mu ba sai ka bar mana abin da in mun lura za mu tsira. Bayanan da ya ce a karanta wa 'yan wasa da ƙarfi su ma sun cika tsawo, kafin a gama siffanta labule Gwaggo ta yi gyangyaɗi. A rage su rabi, a haƙa wa dodanni rijiya, a ajiye tsohon takalmi a bakin ramin.

Da farko na sa masa jan biro a kan ɗakunan da babu kowa. Sun yi yawa, na ce, ɓarnar takarda ce: ɗaki da gado da ƙura, ɗaki da kujera ɗaya tana kallon bango. Daga baya na soke jan biron. Ashe ya fi ni sani, ya hasken gidana. Ɗakin da babu kowa ya fi mai dodo nauyi, domin dodo ana yaƙarsa a wuce, shi kuwa wancan sai dai a tsaya a ciki ana sauraro. Na san haka ne tun da na fara shiga ɗakinka ina share inda babu datti, ina gyara hularka a kan ƙusa alhali ba ta karkace ba.

Akwai kuma wata mata da ya kulle a wani ɗaki a hawa na biyu. Bai ba ta suna ba. Abin da ya rubuta a kanta bai wuce cewa tana jira, kuma za ta yi murna da duk wanda ya buɗe ba. Duk wanda ya buɗe! Kaico, wannan mutum bai san jira ba. Mai jira mutum ɗaya take jira, in wani ne ya buɗe sai ta gaishe shi ta koma ta zauna.

Ina cikin wannan karatu, na baje taswira a tabarma ina ta jin daɗin kaina, sai Husaina ta shigo. Ta tsaya turus. Ta dubi littafin a buɗe a cinyata, ta ce ashe Yaya Abdulbaƙi ya bar mini faifai ke nan. Da wasa ta faɗa, har tana dariya, amma ni nan take na rufe littafin.

Domin dokarka ce, kai ka kafa ta. Ɗan wasa ba ya leƙa littafi. Wanda ya karanta ya san inda kowane tarko yake, ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, ba zai sake shiga kogon a matsayin baƙo ba har abada. Abin da ya rage masa sai ya koma bayan faifai ya ba wasu labari. Ka manta ranar da na miƙa hannu zan ɗaga bango kawai, ka kama yatsuna ka ce in na gani na rasa, kai ma ka rasa ni a tabarma? Shekara nawa kana ɓoye mini littattafan nan a saman kabad kamar kayan maye! Yau kuma kai da kanka ka aiko mini da ɗaya a buɗe ka ce in karanta. Ni kuwa don zumuɗin an tuna da ni, na hau karatu ban tsaya na tambayi kaina me hakan yake nufi ba.

Me yake nufi, ya abin ƙaunata? Mantuwa ce ta mai aiki da yawa, wanda jawabin wani ya cika masa kai? Ko kuwa a hankali kake miƙa mini wurinka, don ka san Asabar ɗinmu ba za ta dawo ba, kana so in koyi yi ba kai? Sallah ta wuce ka ce majalisa ba ta tashi ba. Da ta tashi ka ce mai gidan naka yana zagayen godiya. Ban yi ƙorafi ba, amma ina jin tsoro, kuma gara in faɗa maka a fili: ina tsoron Abuja ta zama gida, Dala ta zama inda ake aika atamfa. Kewarka ta hana ni jin ɗanɗanon abinci. Ina jin sallamar maza a zaure in miƙe, in sake zama.

Allah ya taimake ni Husaina ta shigo kafin in sauka hawa na uku, inda ɗakin Sarkin Gishirin yake. Ban karanta ba. Ko hoton da ke wurin ban kalla ba, na rufe ido na haɗa shafukan ƙarshe na ɗinke su da allura da jan zare, irin wanda nake maka aikin wuyan riga da shi. Ɗinkin bai yi kyau ba.

Saboda haka hukuncina guntu ne. Hawa biyu na sama: ya cancanta, in an yi gyaran da na faɗa. Hawa na uku: ban sani ba, kuma ba na so in sani daga takarda. Asibi za ta ratsa ɗakunan sama ba tsoro, ta tsallake ramin, ta haye gadar, wannan daɗin kam mun riga mun yi asararsa. Amma za ta iso ƙofar ƙarshe da 'yar fitilarta ba ta san komai ba, kamar yadda ka saba samunta.

Ga littafin nan na ba Ashafa ya mayar maka. Ɗan lido da faifai da jan maɓalli suna wurina. Marubucin ya ce wasan na mutum huɗu ne zuwa shida, ko a nan ya yi gaskiya, ba a yi shi don mutum ɗaya ba. Kai ba za ka iya da littafi kaɗai ba, ni ma ba zan iya da ɗan lido kaɗai ba. Ka warware zaren da hannunka, ka karanta, ka riƙe sirrin, ka zo da shi a bakinka. In kuwa ka sake ba Ashafa littafin ya kawo mini, ba sai ka haɗa da takarda ba, zan gane. Zan karɓa, zan zauna a bayan faifai in ba su Husaina labari da murya mai kyau, ba wanda zai ji komai a bakina.

Amma ina roƙonka, don Allah, kada ka bari in san abin da ke cikin ɗakin nan ni kaɗai.

Ko ka zo wannan Asabar, ko ta bayanta, ko wadda Allah kaɗai ya sani, tabarma tana shimfiɗe, wurinka ba wanda ya zauna.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a naɗe tawa tabarmar,

Halima Sadiya