Ka Rage wa Kukana Gudu

Ya hasken idona, ruwan sanyin ƙishina, inuwar da nake fakewa a cikinta in rana ta take, sarkin makaɗan da ba sa sauri! Gaisuwa mai tarin yawa daga telarka, wadda rigunan da ta ɗinka maka sun fi yawan takun da ka yi zuwa ƙofar gidansu.

Faifanku na uku ya iso hannuna. Ba daga hannunka ba, a'a, daga hannun Dogo mai gita, wanda ya miƙo shi a bakin shago yana kallon ƙasa kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma tunda ban iya ƙarya ba, ga gaskiya: ya yi daɗi. Ya yi daɗin da ya ba ni haushi.

Ka tuna na farko, rabin raina? Wanda kuka ɗauka a bayan shagona, tsakanin tulin yaduka da dutsen guga, kuka rataya barguna a taga don kada hon ɗin motoci ya shigo? Ihu ne zalla. Ku uku kuna rige-rigen magana kamar 'yan kamasho a tasha, kiɗa yana gudu kamar an biyo shi. Ko ganga ba ku da ita, sai ka durƙusa ka kanga makirfo a ƙarƙashin keken ɗinkina, ka ce in taka. Na taka, ka ɗauka, ka mai da ƙarar ta zama kiɗa. A ranar ka ɗago kai, da zare a gashinka, ka ce duk sautin da ya fito daga wurina waƙa ne. Ni kuma sakarya sai na narke, ban san gargaɗi kake yi mini ba.

A na biyu kuka gaji da ihu. Ka kwaso tsofaffin fayafayai a wurin 'yan gwanjo, kana yanko nan kana liƙa can, irin aikin da in ni na yi da ƙyalle sai a ce faci, amma da yake kai ne sai aka ce fasaha. Tsohon faifai yana tsats-tsats a ƙasa kamar ana soya ƙwai a ɗakin maƙwabta, kuna ta murna. Kiɗa ya fara tafiya a hankali, kai ma ka fara. Zuwan kullum ya koma na mako, na mako ya koma saƙo a waya.

Na ukun nan kuwa, farin watana, wai sunan salonsa tirif-hof. Ganga tana faɗuwa ɗai-ɗai kamar famfo mai yoyo. Amon ƙasa yana girgiza gilashin shago har allurai suna rawa a faranti. Ga sabuwar mawaƙiyarku, mai muryar wadda aka tasa daga barci kuma ba ta yafe ba. Kada ka ce kishi nake, yarinyar ta iya. Kai ma ka girma, ka daina cusa komai a waƙa ɗaya, ka koyi barin fili, ka gane shiru ma yana da nasa amo. To, wa ya fi ni sanin ka ƙware a shiru?

Sai waƙar tsakiya. A ƙarƙashin gangar akwai wata murya mai kauri, an ja ta an ja ta har kalmomin sun narke, tana maimaita abu ɗaya. Yayana ya kunna ta a falo yana gyaɗa kai, yana tambaya a ina kuka samo aljanin nan. Inna tana ninke wanki, ko kallon sifikar ba ta yi ba, ta ce, "Kashe abin nan. Ƙanwarka ce ke kuka."

Ni kaina ban gane ba sai da ta faɗa. Saƙon muryar nan ne da na tura maka ranar da Baba ya sa sabuwar rigarsa ya zauna jiranka don ku gaisa, tun hantsi har shayi ya huce, ba ka zo ba. Na gudu shago na kulle kaina, na ce maka, "Yaushe za ka zo?" ina shessheƙa. Ba ka amsa ba, na ɗauka ba ka buɗe ba ne. Ashe ka ji. Ashe har ka saurara da kyau: ka yanke shi, ka rage masa gudu, ka sa masa amsa-kuwwa, ka ɗora shi daram a kan ganga. Sannu da ƙoƙari, gwanina! Ban taɓa sanin kukana yana bin kiɗa ba sai da ka gyara shi. Yanzu masu tasi suna jin roƙona a kan hanya suna kaɗa yatsa a sitiyari, kuma duk cikinsu ba wanda ya rage bai ji tambayar ba, sai amsar ce har yau babu.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na ji kunya a gaban Inna irin wadda ban taɓa ji ba. Kuma abin takaicin, ina sonka, wallahi ina sonka, har na kama kaina jiya ina taka keke daidai da gangar waƙar.

Baba kuwa ya ce ranar Asabar zai sake sa rigar, kuma daga ita ba zai ƙara sa ta dominka ba. Ban yi masa musu ba, don ni na goge ta da hannuna.

Ka zo, sanyin zuciyata. Ka zo ko da irin tafiyar gangarka ce, amma in haka ne ka taso tun Alhamis. In ka zo, ni taka ce har tsufa ya rage mana gudu mu biyu, in taka maka keke a duk faifan da za ka yi har ƙafata ta gaza. In kuma ba za ka shigo ba, ka daure ka tsaya a waje da makirfo ɗinka, don akwai sauti ɗaya da ban taɓa ba ka ba: ƙarar ƙofarmu tana rufuwa. Ka saita na'urarka da kyau, sau ɗaya za ta yi.

Taka mai riƙe alkawari, wadda ba ta taɓa sa ka jira ba,
Telarka