Akuna da Injin Alhaji Mamman

Zuwa ga ƙanwata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan Zariya lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ɗanki Sani ya cika alkawari, ya kawo mini ɗan aku kore daga Kwatano, irin ƙananan nan masu doguwar jela. Tun kafin ya iso na karance halinsa, na sa aka ƙera masa keji mai faɗi. Ihu kam akwai shi, har cikin ƙwaƙwalwa, amma na gane kirana yake yi. In ya ƙwala ba na leƙawa, sai ya yi shiru sannan in kai masa gwaiba. Da magariba in lulluɓe kejin da baƙin zane. Yanzu da hantsi kawai yake ɗaga murya.

Duk da haka Alhaji Mamman, mai injin niƙa a jikin katangata, ya kai ƙarata wurin mai unguwa, wai a raba ni da tsuntsuna, ya hana shi sakat! Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, zo ka ji da kunnenka." Ya zo da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma. Aku na ta wage baki, inji na ta ruri. Can mai unguwa ya karkato kunne ya ce, "Hajiya, wai ya fara?"

Akuna na nan daram. Ki taya ni addu'a Allah ya sanyaya mini zuciya, don har yau da ƙyar nake amsa sallamar Alhaji. Ki gaida Inna Rabi.

Yayarki,
Mariama