Ranar da Allon Kara Ya Ƙi Buɗewa

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Kamfanin ƙasar wajen da muke hayar rumbun bayanai a wurinsa ya sake turo saƙo. Samfurin da muke kai ya tsufa, za su daina kula da shi. Ko mu koma sabo, ko kuɗin wata ya ninka, da dala kuma. A cikin rumbun hoton duk saniyar da aka sayar a kara, kasuwarmu ta shanu, yake, da mai sayarwa da mai saye. Na kai wa Kawu Hammajoda, tunda shi ne shugaban dillalai. Ko wayar bai kalla ba. "Mas'uda, abin da ke aiki lafiya me za a taɓa a cikinsa?" Na ce Mahfuz da ya haɗa mana manhajar zai iya mayar da mu sabon, aikin sati ne. Ya ce Mahfuz ɓarawo ne mai tabarau.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kuɗin ya ninka ɗin. Kawu ya buga tebur har shayi ya zube min a mayafi. Wai ni na jawo masa Turawa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Kawu ya hana a biya. Na ce za su rufe, ga layya ta matso. Ya ce su rufe ya gani.

Litinin, 26 ga Mayu

Sun rufe.

Talata, 27 ga Mayu

Wannan kam sai na rubuta shi.

Wajen azahar ihu ya tashi a bakin ƙofar kara. Wani makiyayi ya riƙe igiyar bijimin da Badruddeen mahauci yake ja, yana cewa nasa ne, an sace masa a ruga. Badruddeen na unguwar Gwallameji, wanda yake ce min Malama. Ni na ɗauki hoton bijimin nan wancan satin da ya saya, mai karyayyen ƙaho na hagu. Mutane suka jawo Badruddeen har tagar ofishina, rigarsa a yage. Yana cewa, "Malama, buɗe ki nuna musu. Don Allah buɗe kawai."

Na danna. Na sake dannawa. Allon kwamfuta fari, sai jan rubutu.

Na leƙa na ce na rantse da Allah saye ya yi, a gabana aka yi. Wani ya ce to nuna. Wani ya ce bakinsu ɗaya. Sandar farko a ƙeya ta same shi. Bayan nan ban iya ƙirgawa ba. Na ji ƙarar da haƙarƙari yake yi idan ya karye, ban taɓa sanin yana da ƙara ba. Na fita ba takalmi, wani ya ture ni na faɗa cikin kashin shanu. Sai da 'yan sanda suka harba sama mutane suka watse.

Kawu yana cikin mota. Na gan shi. Gilashi a rufe.

Laraba, 28 ga Mayu

Badruddeen yana da rai. Idon dama ya tafi.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na je asibiti. Matarsa Azumi ta tare ni a baranda, goyo a bayanta. Marina ta yi, har ɗan kunnena ya fita. Ban kare ba. Sai ta zauna a ƙasa tana kuka, na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Ya ce ke kaɗai kika fito."

Da na dawo na tarar Kawu ya biya, har da tarar da suka ɗora, ya kuma kira Mahfuz da kansa. Ya ce wa Inna ƙaddara ce, kuma da na yi masa bayani yadda zai gane da bai hana ba. Na ɗauki kofin da ke hannuna na maka a bango. Inna ta ce, "Ƙanena ne fa, Mas'uda." Na ce na sani.

Asabar, 31 ga Mayu

Mahfuz ya kira, wai in zo mu fara mayar da bayanan. Na ce ya fara.

Talata, 3 ga Yuni

Muna cin abincin rana aka kira Inna. 'Yan uwan Badruddeen sun tare Kawu a hanyar GRA, sun fasa gilashin motar, sun jawo shi waje. Hannu ya karye wuri biyu, haƙora sun zube. Inna ta saki cokali tana salati, tana neman hijabi, ta ce in tashi mu tafi.

Na ce ta yi gaba, zan biyo ta.

Na cinye shinkafata. Na ƙara. Na wanke kwanuka har da tukunya, na yi la'asar. Yanzu ana kiran magariba, Inna ta kira ban ɗaga ba. Gajiya ce, ina jin.