Famfon ƙaramin injina ya riƙe ruwa

Gwarzo, daren Laraba.

Alhamdu lillahi. Gobe shugaban makaranta zai duba injin tururin da na ƙera wa ɗalibai, sannan ya yanke ko za a rufe ɗakin koyon sana'a. Kwana huɗu famfon injin yana jan ruwa, ruwan yana komawa baya, kuma a tsadar nan wa zai saya mana sabon bawul mai hana ruwa komawa? Malam Bitrus, abokin aikina, ya duba ya ce, "Malam, ƙwallon cikin bawul ɗin ne bai zauna daidai ba." Na ciro ƙwallon boris daga ƙafar kekena, na ɗora a mazaunin, na ɗan buga da guduma. Ko ɗigo bai koma ba. Gobe da ƙafa zan tafi makaranta, amma raina fes.