Rigar Ɗan Gata

Kwarbai, Birnin Zariya,
9 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga autata Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Jibril, kuma sanyin Jos bai takura miki ba. Mu nan sai godiyar Allah.

Kin tambayi jikin Babanki. Da sauƙi, ƙafar ta saki, amma hannun daman har yanzu rawa yake yi. Mildred, nas ɗin nan ta Wusasa da ke zuwa duba shi, ta ce maganin shi ne motsi: ya riƙa tattaki, ya riƙa kama allura. Ina! Mutumin da ya tsufa yana ɗinkin babbar riga a zauren Malam Jumare, yau ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Wai ba zai je abokan sana'a su yi ta jera masa sannu ba. Wannan zama nasa yana ci mini rai, Rabi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai kuma zomon da kika bar mini, Ɗan Gata, wanda ya ci sunansa. Ya haƙa rami ta ƙarƙashin katanga, ya ɓulla gidan maƙwabta, ya cinye musu yakuwa tas. Na ba da haƙuri har bakina ya gaji. Na ɗaure shi a wuya irin na akuya, ya yi ta fizga har idanunsa suka firfito, na kwance shi ina salati. Na ɗaure ƙafa irin na kaza, ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Na aika wurin dukawa suka yi masa ɗamarar fata, kyakkyawa kuwa. Kafin la'asar ja'irin ya gwaigwaye ta.

Mildred ta yi ta dariya. Ta ce zomo ba shi da ƙwarin ƙashi, sai dai 'yar riga mai laushi wadda za ta kama ƙirji, igiyar ta fito ta gadon baya. Ina da wata dabara a kan haka, ki taya ni da addu'a.

Ki gaida Jibril.

Mahaifiyarki,
Talatu.

Kwarbai, Birnin Zariya,
6 ga Agusta, 1989.

Zuwa ga autata Rabi,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ruwa a wajenku? Takardarki ta iso, na ga kin ce za ki aiko a ɗauki zomon don ya daina wahalar da ni. Tsaya ki ji tukuna.

Na samo ƙyallen saƙi, na shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin Babanki, na hau ɗinka rigar. Kin san na iya ɗinki sarai, amma ran nan da gangan na riƙa zuba shi manya-manya, a karkace, ina ta yabon kaina. Ina jin sa yana tsaki. Da na kama kafa maɓalli a bai-bai, sai ya kasa daurewa, ya miƙo hannu ya ƙwace, wai ba a gidansa za a ci mutuncin allura ba.

Ya sha wuya, Rabi. Allurar ta yi ta suɓucewa, ya soki yatsa ba adadi, ni kuwa na shige madafi don kada ya ga hawayena. Da kansa ya auna ƙirjin Ɗan Gata da zare, ya bar sararin yatsa don numfashi, ya sa maɓallin a baya inda haƙori ba ya kaiwa. Rigar ta zauna ɗas. Amma kin san hali, wai riga ba aiki ba riga ba ce. Sai da ya yi mata adon nan na babbar riga, aska biyu, 'yan mitsi-mitsi, da zaren tsamiya.

To, mai riga sai fita. Na ce ni gwiwa ta hana ni kai shi cin ciyawa, Allah ya yafe mini. Haka Babanki ya kama igiya, zomo na gaba yana tsalle, shi yana biye, kuma hanyar ciyawar dole ta ƙofar zauren Malam Jumare ta bi. Na zauna ina jiran dawowarsa.

Ya dawo yana huci. Ashe ba wanda ya yi masa sannu. Malam Jumare ɗaga zomon ya yi, ya ƙura wa aikin ido, ya ce askar hagu ta fi ta dama tsawo. Suka yi ta musu har aka kira azahar. Rabon da in ga Babanki ya cinye tuwo ya nemi ƙari, tun kafin ciwon nan, sai ran nan.

Yau tun da hantsi ya ɗauki jakar allurarsa ya koma zauren, wai a gabansu zai warware askar ya sake ta, su gani da idonsu. Ɗan Gata na can tare da shi.

Saboda haka kada ki aiko kowa. Zomon nan ba inda za shi, yana da aiki.

Ki gaida Jibril da kyau. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Talatu.