Inna, Baba Ya Ƙi Tsai da Kansa

Assalamu alaiki Inna. Gaisuwa ta ladabi daga ɗanki, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama.

Safiyar Talata na ga cikin kan Baba da idona. Ciwon kan nan da kika bar shi yana tamkewa da rawani, shi ya taso mu daga Gidan Rumji zuwa asibitin birni. Aka sa ya cire zobe da layu, aka tura shi cikin wata na'ura kamar rumbun da aka kwantar.

Mai aikin ya bar ni na tsaya bayansa. Hoto biyu suke ɗauka, ɗaya kafin allura, ɗaya bayan an ɗura wani ruwa a jijiya. Sai ya ɗora wannan bisa wancan, na'ura ta share duk abin da ya zo daidai. Abin da ya saura yana haske, nan ruwan ya taru. Na ce ashe tankaɗe ne irin naki, gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

To amma kin san mijinki. Yana jin ƙarar na'ura ya kama hailala, kai na tafiya da ita. Hotunan suka ƙi hawa juna. Mutumin ya ja, ya daidaita, ya sake ja, har ƙafata ta yi sanyi. Ga wani fari kamar ƙwayar wake bayan kunnen hagu. Ya ce ko ƙari ne, ko inuwar motsi, kuma likita ba ya taɓa kan mutum da wataƙila. Sai an sake.

Baba ya ce ba ya shiga ramin nan da baki rufe, gida zai koma, gero na jira. Kwana biyu na kasa zama, Inna. In fita, in dawo, in sake fita.

Ɗazu na tuna lokacin da ƙanwata Rabi na goye, in Baba ya ɗaga murya da zikiri sai ki ce, "Malam, a hankali, Allah na jin na zuci." Na durƙusa na faɗa masa hakanan, da bakinki. Can ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu gobe.

Allah ya haskaka makwancinki, ya tsai da kan Baba gobe. In kina shakka, Rabi na wurin, da Kawu Illiya. Su ma sun ga ya share ido da bakin rawani.

Ɗanki,
Sanusi